Tsintsiyar Ƙofar Kauko

A ƙauyenmu ba a saba kulle ƙofa ba. In mutum zai fita, sai ya jingina tsintsiya mai doguwar ƙota a jikin ƙofar daga waje, ya kama gabansa. Duk wanda ya hango ta daga titi ya san mai gidan ba ya nan, kuma zai dawo. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar da aka jingina wa tsintsiya, domin yin haka tamkar ce wa mai gida maƙaryaci ne. Kwaɗo kuwa ba a ganinsa sai a gidan da mai shi ya rasu, ko aka kai shi gidan tsofaffi a birni.

A sanyin shekarar da nake ba ku labari, dusar ƙanƙara mai nauyi ta yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa, har itatuwa suka sunkuya suka kwanta a kan wayoyi. Lantarki ya ɗauke daga wannan bakin tafki har wancan. Ranar farko ba wanda ya damu, mun saba. Da abin ya ja kwanaki sai famfo ya ƙafe, tunda inji ke jawo mana ruwa daga rijiya, ɗakuna suka yi sanyi ƙalau, sabis ɗin waya ya yi ta wasan ɓuya har ya ɓace gaba ɗaya. Ƙungiyar ƙauye ta buɗe tsohuwar makarantar firamare mai murhun itace, aka ɗora tukunyar romon kifi, aka ce a bi gida-gida a kwaso tsofaffi.

Raili ce ta ce a bar mata hanyar bakin tafki. Ba wanda ya yi mata musu, don a kan irin wannan rana aka halicce ta. Gidanta kyandir ne, batir ne, jarkokin ruwa ne, abincin gwangwani har rufi. Mace ce da ta haura sittin, gwiwarta ɗaya ta fara gardama, amma bakinta lafiyarsa lau. Kuma kowa ya san dalilin da ya sa ta zaɓi wannan hanyar: a ƙarshenta yayanta Kauko yake zaune shi kaɗai, a gidan katakon da aka haife su.

Kauko ya ba tamanin baya, kuma taurin kansa ya girme shi. Duk lokacin da Raili ta kawo masa wani abin kariya sai ya yi mata dariya.

"Auta, wai yaƙi kike jira ne?" in ji shi, ranar Kirsimeti da ta miƙa masa 'yar na'ura mai ƙara idan iskar garwashi ta taru a ɗaki. "Ina hura murhun nan tun kina goye."

"To ka ci gaba da hurawa, Yaya, amma ka rataye ta."

Ya rataye, don a zauna lafiya. Abin da yake tsoro ba sanyi ba ne, ba kuma mutuwa ba. Bara da aka yi irin wannan ɗaukewar lantarki, an zo da mota an ɗauki maƙwabciyarsa Aune, aka ce ta zo makaranta ta sha romo ta ji ɗumi. Daga makaranta 'ya'yanta suka wuce da ita birni, daga nan sai gidan tsofaffi. Kwaɗon da suka sa wa ƙofarta yana nan har yau, ya yi tsatsa. Ga kuma 'yarsa Marjut da take ta yi masa zancen wani ɗaki mai kyau kusa da asibiti.

Da gari ya fara haske, wanda a wannan lokacin sai hantsi yake yi, Raili ta hau taraktar Tauno, mai share mana hanya. Jiya da yamma ya share ta, amma dusar da ta kwana tana zuba ta mayar da aikinsa baya, ba ta tsaya ba sai da asuba. Suna tafe tarakta tana ture ƙanƙara gefe, ƙararta tana tsallaka tafki tana dawowa.

"Inna Raili, ni fa ba zan shiga ba," in ji Tauno. "Ke za ki fito da shi. Wancan karon da na ce masa ya rage hawa rufi, cewa ya yi ya san ubana tun yana fitsarin kwance."

"Ai bai yi ƙarya ba. Ka dai tsaya a bakin hanya. Ko a buhu ne yau sai na sako shi."

Da suka sha kwanar ƙarshe sai ga gidan can ciki kaɗan, ja, ƙanƙara ta rufe shi har gindin taga. A jikin ƙofa kuwa ga tsintsiya a jingine. Raili ta goge gilashi da hannun riga ta ƙara dubawa. Ta ɗaga kai ta kalli bututun hayaƙi. Babu ko ɗis.

"Kin huta da buhu," in ji Tauno. "Marjut ta zo jiya ke nan bayan na share hanya. Dama ta ce da zarar an buɗe za ta zo."

"Ka ga mutumin nan? Ya bi 'yarsa lami lafiya, ni kuwa ko sallama." Ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji haushi, duka a lokaci guda. "Juya mu tafi. Akwai waɗanda suka san darajar mutane suna jiranmu."

Suka juya. Suka ɗauko mata da miji a gida na gaba, suka kai wa wani ruwa, suka tsaya tono motar wani da ta nutse. Kafin su koma makaranta rana ta raba, in har za a kira wannan farar fatalwar da ke leƙe ta bayan itatuwa rana. Tauno ya kurɓi kofi a tsaye ya wuce hanyar arewa.

Hilkka, matar da ke riƙe da tukunya, ta ce itace ya kusa ƙarewa. Raili ta zagaya rumfar itacen da ke bayan makaranta. A jikin ƙofar rumfar akwai wata tsintsiya da aka bari tun jiya, dusa ta yi mata tuli a kai, ta binne gindinta. Ta kama ta ta kaɗe, ƙanƙara ta zubo mata a kan takalmi.

Sai ta tsaya cak, tsintsiya a hannu.

Ta Kauko tas take. Ta gan ta da idonta: ƙota baƙa wul, tsinke a bushe, ko ƙwayar dusa babu. Da jiya ya tafi, da ta kwana a waje kamar wannan. Da safen nan aka jingina ta ke nan, bayan dusa ta tsaya. Da safen nan kuwa ba wanda ya fita ta hanyar nan, su ne suka fara keta ta. Kauko ba tsuntsu ba ne. Ya jingina tsintsiyar, ya zagaya ta ƙofar baya ya koma ciki.

Da iyakar abin ke nan, da zagi kawai za ta yi. Amma babu hayaƙi. Tsoho a cikin gida, a irin wannan sanyi, ba zai zauna murhu a mace ba. Murhun gidansu ƙaton gini ne na bulo, kuma a saman wuyansa akwai farantin ƙarfe da ake turawa a toshe bututu don zafi ya zauna a ɗaki. Tun suna yara uwarsu take ja musu kunne: ba a tura farantin sai garwashi ya mutu murus, ba sauran shuɗin harshe a kansa. Wanda ya yi gaggawa ya tare wa gubar hanyar fita, ita kuwa ba ta da wari, ba ta da launi, barci kawai take sa mutum. Raili ta san yayanta kamar yunwar cikinta. Ya ji ƙarar tarakta, ya san hayaƙi zai ƙaryata tsintsiya.

Ta shigo makaranta ba itace. "Hilkka, Kauko yana cikin gida, kuma ina jin ya toshe bututu."

"Ke kuwa! Ba kun ce kun ga tsintsiya ba?"

"Ƙarya take yi."

Wani tsoho ya ajiye cokali. A ƙauyenmu ba a taɓa jin tsintsiya ta yi ƙarya ba. Raili ta duba wayarta, ba sabis. Ta Hilkka ma haka. Motocin da ke wajen duk dusa ta binne su, mai ƙarfi ɗaya da ya rage shi ne mijin Hilkka.

"Mijinki ya bi Tauno hanyar arewa," in ji Raili, "ya ce masa ya juyo. In ya samu sabis a kan tudu ya kira motar asibiti."

"Ki jira su mana, da wannan gwiwar taki..."

Raili ta riga ta fita. A bakin ƙofa akwai keken ƙanƙara, wata kujera mai dogayen ƙarafa biyu a ƙasa da ke sulɓi a kan ƙanƙara. Ta kama mariƙin, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ta shiga tunkuɗawa da ɗayar.

Hanyar da tarakta ta share sumul take, keken yana gudu. Iska tana yankan fuskarta, gashin hancinta yana daskarewa. Tana tunkuɗawa tana lissafin abin da ba ta son lissafawa: tun hantsi. Gidan tsoho ne, yana da kafofin da iska ke shiga, ta ce wa kanta. Kuma ai akwai na'urar, da ta yi ƙara da ya fito. Ta riƙe wannan tunanin da hannu biyu. Sannan ta tuna da bakinta, da ita ce ta kalli bututu ta ce a juya, saboda wai ba a yi mata sallama ba. Taku kaɗan ne tsakanin titi da ƙofar nan. Tsoro da kunya suka sa ta ƙara ƙarfin tunkuɗa har gwiwar ta fara ihu.

Ta wuce rabin hanya sai ga itace ya faɗo ya gitta titi, bayan wucewarsu da safe. Ƙato ne, rassansa cike da ƙanƙara. Babu ta inda keke zai bi. Ta sake shi, ta durƙusa ta kutsa ta ƙarƙashi a kan gwiwa da hannu, reshe ya fizge mata hula, dusa ta zubo mata a wuya. Ba ta koma neman hular ba. Daga nan da ƙafa ta ci gaba, tana ɗingishi, haske kuma ya fara juyawa shuɗi, alamar yinin ya kusa ƙarewa tun bai fara ba.

Gidan yana nan yadda suka bar shi. Yanzu da ta matso ta ga sawun takalmi ya bi ta gefen bango ya zagaya baya. Ta hau matakala. Abin mamaki, da ta miƙa hannu sai hannun ya ƙi, kamar za ta taɓa kayan wani. Hali zanen dutse. Ta ciza leɓe ta fizge tsintsiyar ta wurga ta cikin ƙanƙara, ta cika ƙirjinta da iska, ta banke ƙofa ta bar ta a wangale.

Ɗumi ne ya tare ta, mai daɗi, da ƙanshin kofi. Ɗakin tsaf, ba abin da zai ce maka akwai mutuwa a ciki. Rediyo yana ta surutu a hankali a kan tebur, ana ba da labarin yanayi. Kusa da shi ga na'urar Kirsimeti a kife, cikinta a buɗe, an zare mata batir an ba rediyo.

Kauko yana kan bencin da ke jikin murhu, ya zame gefe, takalmansa a ƙafa, kumatunsa jajir kamar na wanda ya fito daga wankan zafi.

"Yaya!"

Ko motsi. Ta ɗaga hannu ta jawo farantin, ya fito da ƙara. Tagogi kuwa an liƙe su tun farkon sanyi, ba sa buɗuwa. Ta ɗauki guntun itace ta narka wa ta kusa, gilashin ciki ya tarwatse, ta ƙara, na waje ya bi shi. Iskar da ta riƙe ta ƙare. Ta fita da gudu bakin ƙofa ta shaƙa, ta shaƙa, ta dawo.

Ba za ta iya ɗaukarsa ba. Tsoho ne amma ƙashin masu sarar itace gare shi. Ta jawo doguwar dardumar tsumma, saƙar uwarsu, zuwa gindin benci, ta kama kafaɗarsa ta mirgino shi. Ya faɗo tim kamar buhun dankali, bai ce uffan ba, wannan shirun ya fi komai tsorata ta. Ta naɗe bakin dardumar a hannu ta fara ja da baya. Tana ja, kanta yana sarawa, ɗakin yana ɗan juyawa. A dokin ƙofa dardumar ta maƙale. Ta sa hannu a hammatarsa ta ɗaga, gwiwar ta yi wata ƙara da ta ji har haƙori, suka tsallake tare suka zube a kan matakala.

A waje ta kwantar da shi a gefensa, ta tuɓe rigar sanyinta ta rufa masa, ta miƙa hannu ta fizgo tasa daga ƙusar bayan ƙofa ta ƙara. Ta kai kunne bakinsa. Akwai numfashi, siriri, yana zuwa yana tsayawa.

"Yaya, tashi. Kauko! Kai, ɗan taurin kai, ka buɗe ido ka zage ni mana!"

Ta mare shi. Ta murza masa dusa a goshi. Ta yi ta kiransa da duk sunan da ta sani, har da wanda uwarsu kaɗai ke kiransa da shi. Hawayenta suna daskarewa a kumatu. Can nesa, ta wajen itacen da ya faɗi, sai ta ji zarton inji ya tashi. Tauno ya iso.

Ƙirjin Kauko ya yi sama. Ya yi tari, ya kelaya amai a kan ƙanƙara, ya sake tari. Idonsa ya buɗe a hankali, ya yi ta yawo kafin ya tsaya a kanta. Leɓensa ya motsa, ta sunkuya.

"Auta... ba ki ga tsintsiya ba?"

Da ba a kwance yake ba, da ta ƙara masa mari. "Na gani! Na gani na yarda da ita, saura ƙiris in binne ka saboda ita! Kai da ka hura murhu tun ina goye, kai ne za ka tura faranti a kan garwashi mai rai?"

"Na ji tarakta." Yana magana yana hutawa. "Na ce in toshe... har ku wuce. Sai na zauna."

"Sai ka zauna! Batir ɗin fa? Labarin yanayi ya fi ranka?"

Ya juya ido ya kalli tsallaken fili, inda rufin gidan Aune yake leƙowa ta saman ƙanƙara.

"Ita ma romo aka ce ta zo ta sha," in ji shi.

Faɗan ya mutu a bakin Raili. Ta gyara masa riga a wuya, ta riƙe hannunsa mai sanyi a cikin nata. An gudu ba a tsira ba: motar da ya yi wa ɓuya har ya kusa ba da ransa, yanzu dole ya shige ta, kuma ba makaranta za ta kai shi ba. Shi ma ya sani, ta gani a fuskarsa.

Fitilun tarakta suka hasko fili. Tauno ya diro da gudu. Ya ce ya samu sabis a kan tudu, motar asibiti tana jira a bakin babban titi. Ya sunkuya ya ciccibi Kauko kamar yaro.

"Sannu, Baba. Yau ka zagi ubana yadda kake so."

"Ba ni da ƙarfi," in ji Kauko. "Ka tuna mini gobe."

Ya zaunar da shi a kujerar gefe ya lulluɓe shi da bargo. Ya koma ya kwashe garwashin cikin bokiti ya zubar a waje, ya samo katako ya buga a kan tagar da ta fashe. Da ya fito sai ga shi da wani tsohon kwaɗo a hannu, wanda ya gani rataye a ƙusa.

"Inna, in sa wannan? Ba mu san yaushe zai dawo ba... Marjut ma za ta so a kulle."

Raili ta waiga. Ta bayan gilashin tarakta Kauko yana kallonsu. Ba ya jin abin da suke faɗa, amma idonsa yana kan hannun Tauno, bai ko ƙifta ba.

"Mayar da shi inda ka ɗauko," in ji ta. "Marjut kuma ka bar ni da ita. Gobe zan kwaso kayana in dawo nan, murhun nan ba zai mutu ba."

Ta sauka matakala tana ɗingishi, ta kutsa cikin ƙanƙara har gwiwa, ta lalubo tsintsiyar inda ta wurga ta. Ta kaɗe ta a jikin bango. Ta jawo ƙofa ta rufe, ta jingina ta daidai tsakiya, inda za a hango ta daga titi.

Ta hau tarakta kusa da Kauko. Ya matsa mata wuri, ya ɗaga gefen bargon ya rufa mata a gwiwar. Tauno ya tayar da inji suka juya, tsohon yana waige yana kallon ƙofarsa har suka sha kwana.